Shawarwarin ƴan Yamai kan ziyarar gidan sistoci na Descalzas Reales a Madrid

Waɗanda suka san wurin bakinsu ɗaya a kan tikiti: a saye shi ta intanet tun kafin ranar. Ba a shiga sai a rukuni tare da ɗan rakiya, rukunin kuwa ƙarami ne, shi ya sa mai zuwa ƙofa da hantsi yakan tarar gurbi ya cika. Ran Litinin a rufe yake.

Gidan yana tsakiyar gari, tafiyar ƴan mintoci a ƙasa daga dandalin Puerta del Sol. Gimbiya Juana, ɗiyar sarki Karlos na 5, ta kafa shi a 1559, kuma har yau akwai sistoci a ciki da ba sa cuɗanya da baƙi. Don haka a sa tufafi na kamala, a rage murya.

Zagayen ba ya wuce kamar awa ɗaya, ɗan rakiya kuma ba ya jiran kowa. An ce a tsaya sosai a babban matakalar shiga, inda aka zana sarkin Sifaniya Filib na 4 da iyalinsa suna leƙowa daga baranda. Sai ɗakin manyan dardumomin bango da aka saƙa a Burusel bisa zanen shahararren mai zane Rubens. A matsa kusa a ga zaren, sannan a ja da baya.

Yawancin bayani da Sifaniyanci ake yi, Faransancinmu ba ya fisshe mu, gara a karanta tarihin gidan tun daga Yamai.