Neman shawara: me doka ta ce game da fitilar keke da dare?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni tela ne a kusa da Taminus a garin Jos, kuma da keke nake komawa gida Anguwar Rogo bayan sallar isha'i, ta Titin Bauchi. Daren Talata wani jami'i ya tsayar da ni, ya zagaya keken yana haskawa, sannan ya ce tocilar da na ɗaure da roba a gaba ba ta wadatar ba, tunda babu fitila a baya. Gargaɗi kawai ya yi mini, amma hankalina bai kwanta ba, domin ƙanena ma da wannan keken yake zuwa Farin Gada saro kayan miya tun kafin gari ya waye. Shin doka ce ta wajabta fitilar baya, ko kuwa ɗan jan gilashin nan mai ƙyalli ya isa?

Malamin makaranta: Wa alaikumus salam. Malam, jami'in nan gaskiya ya faɗa maka. Yarjejeniyar Biyana ta 1968 kan zirga-zirgar ababen hawa, wadda Nijeriya ta shiga a 2018, ta ce keke ya kasance da birki mai kamawa, da ƙararrawa, da jan abin ƙyalli a baya, da fitila fara ko ruwan ɗorawa a gaba, da kuma jar fitila a baya. Ke nan fitilar da gilashin duka ake so, ɗaya ba ya maye gurbin ɗaya. Kundin ƙa'idojin hanya na Hukumar Kiyaye Haɗurra, wadda aka kafa a 1988, shi ma ya ɗauki mai keke a matsayin mai amfani da titi kamar kowa, ya kuma buƙaci ya yi abin da direbobi za su gan shi da dare.

Mai gyaran keke a Katako: Yallaɓai tela, bari in faɗa maka abin da nake gani a rumfata. Gilashin ba shi da hasken kansa, sai fitilar mota ta doke shi sannan ya mayar, saboda haka idan ƙura ko laka ta lulluɓe shi, ko kuma ɗan keke napep ya biyo ka da matacciyar fitila, to daidai yake da babu. Kekuna da yawa ana kawo mini su gilashin ya karkace yana kallon ƙasa, wani kuma buhun da aka ɗora a kariya ya rufe shi gaba ɗaya, kuma na tabbata haka buhun kabejin ƙanenka zai yi. Ka sayi 'yar danja mai caji ka ɗaure ta a bayan kariyar, ba a ƙarƙashin sirdi ba. Na fi son mai caji a kan dainamo, domin dainamo yana dusashewa idan ana hawan tudu, yana mutuwa idan an tsaya, mu kuwa nan Jos tudu ne ko'ina.

Tsohon direban tirela: Ɗana, ka ji maganar mai gyara. Daga kan babbar mota, idan hazon hunturu ya sauko kuma motar da ke tahowa ta dalle mini ido, wallahi mai keke da baƙar rigar sanyi ba na ganinsa sai na zo daf da shi. Ku sa riga mai ƙyalli a kan rigar sanyin. Kada kuma ku sa ja a gaba ko fara a baya, domin launin ne yake gaya mana ko tahowa kuke ko tafiya. Ku riƙe hannun dama, kada ku fuskanci motoci.

Mai tambaya: Allah Ya saka da alheri, Baba, da ku duka. Gobe in sha Allahu zan biyo ta Katako kafin in buɗe shago, a sa danjar a bayan kariya, a kuma gyara zaman gilashin. Rigar ƙyallin guda biyu zan saya, ɗaya tawa ɗaya ta yaron.