Taƙaitawar shawarwari kan uwar garken DNS mai yawan mutuwa

Ga abin da na tattaro daga wata tattaunawa kan abin da za a yi idan uwar garken DNS (kwamfutar da ke fassara sunayen shafukan intanet zuwa adiresoshinsu) mai amfani da manhajar BIND tana yawan mutuwa:

1. Kowa ya yarda cewa kafin a sake tayar da named, wato shirin BIND da ke gudanar da aikin DNS, sai a karanta layukan ƙarshe da ya rubuta a kundin aiki, ta hanyar journalctl ko syslog, wato hanyoyin duba kundin a Linux.

2. Mafi yawa sun jaddada bambance dalilai biyu na mutuwarsa, kuma a ganina nan ne zuciyar maganar. Idan layin ƙarshe yana ɗauke da INSIST ko REQUIRE, BIND ce ta gano aibi a cikinta ta tsayar da kanta, don haka maganin shi ne sabunta manhajar. Idan kuwa kundin ya yanke shiru babu bayani, a duba dmesg, umarnin da ke nuna saƙonnin Linux kanta, domin sau da yawa Linux ce ke kashe named idan RAM ta ƙare, kuma a nan iyakance max-cache-size, saitin da ke ƙayyade yawan RAM ɗin da BIND ke ajiye amsoshi a ciki, yana taimakawa.

3. A gwada named-checkconf, umarnin da ke duba kurakurai a fayil ɗin saitin BIND, bayan kowane gyara.

4. An sami saɓani kan rndc trace, umarnin da ke ƙara yawan bayanan da named ke rubutawa a kundi. Wasu suna ganin ƙarin bayanin da yake fitarwa ya zama dole, wasu kuma sun yi gargaɗin cewa yana iya cika faifai, sai dai a kunna shi na ɗan lokaci, a kashe da rndc notrace.