Juyen mai a gida: Baban Khalifa ya daina kai Prius gareji, zaure ya rabu

Baban Khalifa, Kubwa: Assalamu alaikum jama'a. Jiya Asabar da hantsi na yi wa Prius ɗina juye da hannuna a tsakar gida, karo na uku ke nan. 'Yar 2012 ce. Lita huɗu da ɗan ƙari ta sha, man inji mara kauri mai lamba 0W-20, na sa sabuwar filta da sabuwar washa. Abin da ya kai ni ga haka, bara na kai ta wani gareji, na miƙa galan ɗin da na sayo da kuɗina, na tafi sallar azahar. Bayan kwana biyu na ji motar ta yi nauyi, na zaro geji na murza man a yatsa, sai na ji shi da kauri kamar zuma. Na durom aka ɗura mini, galan ɗina kuwa ko sama ko ƙasa. Raina ya ɓaci ƙwarai. Shi ya sa nake cewa duk mai haibirid (motar da ke aiki da fetur da batir) a garin nan, in yana da lafiya da filin ajiye mota, ya fi masa alheri ya yi juyensa da kansa.

Alhaji, Gwarinpa: Wa alaikumus salam. Ƙanena, ka rufa wa iyalinka asiri. Wannan ba Corolla ba ce. Batirin da ke bayanta ya haura bolt 200. Ka kwanta ƙarƙashin wutar da za ta iya kashe mutum saboda kuɗin aikin bakanike? Ni ban yarda ba sam.

Injiniya: Ranka ya daɗe Alhaji, lissafinka daidai ne, batirin wannan samfurin bolt 201.6 ne. Sai dai duk wayar da ke ɗauke da babbar wuta an yi mata kalar ruwan lemo don a gane ta, kuma mai juye ba shi da abin yi a wajenta. Notin juye na ƙasan injin, sifana 14 ke kwance shi, filta na kusa da shi. Injin fetur ne kamar kowane.

Inda haɗarin yake shi ne READY, alamar da ke fitowa a allo in motar na kunne. Motar nan tana iya zama a kunne tsit, ba ƙara ba girgiza, mutum ya ɗauka a kashe take. Da batir ya yi ƙasa sai injin ya tashi da kansa ba tare da an taɓa komai ba. To ka ce a lokacin an zubar da mai, ko hannun mutum na ciki. Kafin a taɓa noti, a tabbatar READY ta ɗauke daga allo, a kai makulli cikin ɗaki nesa da motar, kada yaro ya shiga ya danna.

Oga Mai Gareji: Yallaɓai Baban Khalifa, abin da aka yi maka zalunci ne, kuma ni ma ya taɓa ni, domin irin wannan ne ke jawo mana zagi gaba ɗaya. Amma kada laifin mutum ɗaya ya shafi masu sana'a. Ni ake kawo wa motocin da masu su suka yi wa juye a gida. Wani ya ɗaure noti da ƙarfin tsiya har haƙoran suka cinye, mai na ɗiga, sai da muka sauke kaskon mai. Wani murfin filta ya fasa. Filtar wannan Prius ba irin ta gwangwani ba ce da ake murɗewa a yar, takarda ce a cikin murfin roba, tana da nata sifana, tana da zoben roba da ake sauyawa duk juye. Zoben ya kauce daga gurbinsa kaɗan, kafin ka kai Berger daga Kubwa mai ya tsiyaye a titi.

Wanda ya fi tayar mini da hankali jak ne. Mu a rami muke aiki. Kai a kan me ka ɗora ta?

Baban Khalifa, Kubwa: Oga, ba na shiga ƙarƙashi a kan jak kaɗai. Ina da ƙafafun ƙarfe biyu da nake tokare ta, in sa bulo a bayan tayoyin baya, a kan siminti mai lebur. Na kuma sayi sifana mai awo. Notin juye 37 nake kai shi, murfin filta 25, yadda ma ke rubuce a jikin murfin. Tsakani da Allah, yaran gareji nawa ne ke auna ɗauri?

Oga Mai Gareji: Kaɗan ne, ban musa ba. To amma kai ɗaya ne cikin nawa? Mafi yawan waɗanda za su ji maganarka su kwaikwaya, jak ɗin sauya taya kawai gare su.

Batun kauri kuma ina da ja. Man nan 0W-20 kamar ruwa yake, don ƙasashen ƙanƙara aka yi shi. Ku tuna zafin Abuja a watan Maris, kwalta har laushi take yi. Motar da ta yi shekara goma a Amurka kafin ta iso mu, injinta ya buɗe, ka zuba mata ruwa-ruwa sai ta dinga shanyewa. Ni mai ɗan kauri nake ba su shawara.

Injiniya: Oga, a nan za mu ɗan saɓa. In injin ya ɗau zafinsa na aiki, ruwan lagireto na kaiwa wajen digiri 90, ko a Jos cikin hunturu ko a Abuja cikin bazara, na'urar daidaita zafi ce ke riƙe shi a nan. Zafin gari ba ya sauya lissafin kamar yadda ake zato. Sannan ka dubi yadda haibirid ke aiki a cunkoson Nyanya zuwa AYA da safe: injin ya mutu, ya tashi, ya mutu, ya tashi, ba adadi. Duk tashi ɗaya ana so mai ya isa saman injin nan take, ya bi ta ƙananan hanyoyin da ke sarrafa bawul. Mai kauri kafin ya hau an riga an goga ƙarfe da ƙarfe. Littafin motocin da suka zo daga Amurka 0W-20 ya ce, in ba a samu ba a sa 5W-20, juye na gaba a koma. Na yarda da kai cewa tsohon injin da ke shan mai za a iya matsawa zuwa 5W-30. Amma a tsallaka har 20W-50 na durom, ni ba zan sa wa tawa ba, kuma fetur ɗin da aka sayi motar don a rage sha, nan ma an yi asara.

Ɗan Mararaba: Iyayena, ku yi haƙuri in sa baki. Ni haya nake yi da Prius, tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 na sayar da tsohuwar motata na koma kanta. Ɗaki ɗaya nake haya a gidan mutum goma sha, a bakin layi mota ke kwana, ƙasa ce ba siminti ba. A ina zan yi juyen? Abin da nake yi, in sayo maina da filtata, in tsaya a kan yaron har ya gama, in karɓi galan ɗina fanko. Ko kiran salla aka yi, tare muke tafiya mu dawo tare.

Kuma kada wanda ya ruɗu da cewa da ake yi sai bayan mil 10,000 ake juye. Littafin da kansa ya ce mai bin hanyar ƙura ko mai yawan tsayawa da mota a kunne ya yi a mil 5,000, wato kilomita 8,000, ko wata shida. Wannan ai mu ake nufi.

Maman Ilham, Lugbe: Ni tambayata ɗaya ce ga Baban Khalifa, kuma ba da wasa nake ba. Baƙin man da ka juye, ina ka kai shi? Akwai maƙwabcinmu da ke yi a gida, a kwata yake tuttulewa. Ruwan sama na farko ya kwaso shi har ƙofar gidana, inda yara ke wasa ba takalmi, ga rijiyarmu ba nisa. Sai da na sa aka zuba yashi buhu biyu, har yanzu wurin baƙi ne, ko ciyawa ba ta fitowa. Camry haibirid gare ni, kuma gareji nake kaiwa. Na biyu, jabun mai ya cika kasuwa, galan da hatimi kamar na gaske. Hannunka ne ya zuba, amma wa ya tabbatar maka da abin da ke cikin galan ɗin?

Baban Khalifa, Kubwa: Hajiya, kin yi gaskiya, kuma abin da maƙwabcin nan ya yi bai dace ba. Ni a tsohon galan nake mayar da shi in toshe, in kai wa masu gareji na bakin layinmu, suna tarawa a durom. Filtar ma a leda nake ɗaure ta. Maganar jabu ba ni da amsar da ta wuce cewa wurin dila ɗaya nake saya, da rasit, kuma in na ga farashi ya faɗi da yawa sai in bar shi.

Alhaji, Gwarinpa: Injiniya ya gamsar da ni a kan wutar, na janye wannan. Sauran ban janye ba. Mutum mai iyali ya kwanta ƙarƙashin ƙarfen da ya fi tan ɗaya shi kaɗai a gida, in wani abu ya faru wa zai ɗaga masa?

Oga Mai Gareji: Ga abin da ba wanda ya taɓo. Juye ba zubar da mai ba ne kawai, ranar ce ido ke ganin mota. Haibirid tankin ruwa biyu gare ta, na injin daban, na inbata (na'urar da ke sarrafa wutar babban batir) daban. In famfon na inbata ya mutu, ruwan zai tsaya cak ba ya motsi a tanki, mota ta ɗau zafi ta tsaya maka a hanyar filin jirgi. Ga ƙaramin batir mai bolt 12 a but, in ya yi sanyi ko READY ba za ta kawo ba. Uwa uba fankar da ke sanyaya babban batir. Ƙurar hunturu da zaren kaya da gashi duk can suke taruwa. Na sha buɗewa in tarar ta toshe kamar an cusa auduga, batir na dahuwa a hankali mai mota bai sani ba. Kuɗin batir ɗaya ya fi kuɗin juyen shekaru. Yallaɓai, cikin juye ukun nan, ka taɓa duba fankar?

Baban Khalifa, Kubwa: Wallahi ban taɓa ba, Oga. Ban ma san tana toshewa ba. Juyena dai zan ci gaba da yi, wannan ba fashi. Amma ina fankar take?

Oga Mai Gareji: Buɗe ƙofar baya ta dama, za ka ga wata 'yar raga a gefen kujera, ta nan take shaƙar iska. Ka gaya wa yara su daina jingina jakar makaranta a wurin. Fankar kanta tana ciki, sai an cire rufin gefen but, kusa da wayoyin ruwan lemon da Injiniya ya faɗa, don haka wannan kam kada ka taɓa. Kawo ta ranar Talata da safe kafin a cika, ka tsaya a kaina ka gani da idonka.