Mai bin Almasihu zai iya shan tabar naɗi ya kuma gode wa Allah?

Yakubu: 'Yan'uwa, salama. Akwai maganar da ke cina tun makon jiya. Ina shan tabar naɗi, wato mai kaurin nan da ake naɗewa da ganyen taba zalla ba takarda, wadda ta Kuba ta fi suna. Sau ɗaya ko biyu a wata nake sha. Guda ɗaya takan kai ni kusan awa, kuma a wannan awar ba na taɓa waya, ina zaune shiru, wani lokaci da Zabura a hannuna. Wani ɗan'uwa ya gan ni ya ce in tuba. Na bincika zuciyata ban ga abin tuba ba. Ni dai a ganina mai bi zai iya shanta da godiya, lamirinsa a wanke. Wanda ya ga akasin haka ya nuna mini daga Littafi Mai Tsarki.

Rifkatu: Yaya Yakubu, 1 Korintiyawa 6:19 ta gama magana. Jikinka haikalin Ruhu Mai Tsarki ne, ba naka ba ne, sayenka aka yi da tsada. Ba a zuba guba a haikali.

Istifanus: 'Yar'uwa, koma baya kaɗan ki karanta daga aya ta 15. A wurin nan Manzo Bulus kan fasikanci yake magana. Ban ce ayar ba ta shafi kula da jiki ba, amma kada mu ɗora mata kayan da ba nata ba. Taba ma ba ta cikin Littafi ko sau ɗaya, don tsiron nahiyar Amurka ce. Sai a 1492 mutanen Kolumbus, matuƙin jirgin ruwa daga Turai, suka ga 'yan asalin Kuba suna busa naɗaɗɗen ganye. To inda nassi bai ambaci abu ba, ƙa'ida ake bi. Ubangiji da kansa ya ce a Markus 7 abin da ke fitowa daga zuciya shi ke ƙazantar da mutum. A Kolosiyawa 2 kuma an gargaɗe mu kan dokokin mutane na kada ka taɓa, kada ka ɗanɗana.

Kuma Yakubu ba shi ne farau ba. A 1874 wani mai wa'azi baƙo daga Amurka ya soki shan taba a majami'ar shahararren mai wa'azi Charles Spurgeon a Landan. Spurgeon ya miƙe a gaban jama'a ya ce yana da niyyar shan tabar naɗi mai kyau a daren nan domin ɗaukakar Allah. Wa zai ce mutumin nan bai san Littafi ba?

Baba Ishaku: Istifanus ɗana, na yarda da kai kan ayar, amma ban yarda da kai kan Spurgeon ba. Ya rasu a 1892. Sai a 1950 masu bincike biyu a Ingila, Richard Doll da Bradford Hill, suka fitar da aikinsu da ya haɗa shan taba da ciwon dajin huhu, sannan a 1964 babban likitan gwamnatin Amurka ya fitar da rahotonsa. Spurgeon ya sha ne yana ganin tana rage masa zafin ciwo, tana ba shi barci. Mu an buɗe mana abin da shi bai gani ba. Wasiƙar Yakubu 4:17 ta ce wanda ya san abin da ya kamata bai yi ba, zunubi ne a gare shi. Sanin nan shi ne ya raba mu da shi. Ba kuma kowane mai bi na dā ne ya so taba ba. Sarki James na Ingila, wanda fassarar Littafi Mai Tsarki ta 1611 ke ɗauke da sunansa, tun 1604 ya rubuta yana la'antar ta.

Yakubu: Baba, na ji ku. Amma su galibi sigari suka bincika. Ita wannan ba a jan hayaƙinta zuwa huhu, a baki yake tsayawa a fesar.

Hannatu: A nan ne zan shigo, don aikin jinya nake yi. Yaya, tsayawarsa a baki ba tsira ba ce. Hayaƙin tabar naɗi ya bambanta da na sigari ta yadda nikotin ke ratsa fatar cikin baki kai tsaye, ba ya jiran huhu. Karan sigari bai wuce giram ɗaya na taba ba, babbar tabar naɗi kuwa tana iya ɗaukar abin da ya kai kwali guda. Ciwon dajin leɓe, harshe, maƙogwaro da hanyar abinci duk an tabbatar tana jawo su. Gaskiya ne, mai sha sau biyu a wata haɗarinsa bai kai na mai sha kullum ba, ba zan ɓoye wannan don in ci muhawara ba. Amma ba wani adadi da likita zai sa hannu ya ce maka ba komai. Na yi jinyar mutumin da aka cire wa maƙogwaro, da takarda yake yi wa 'ya'yansa magana. Ba na iya jin wannan zance da sanyin zuciya.

Istifanus: Ban musa ko ɗaya ba. Tambayata ita ce, duk abin da ke da haɗari zunubi ne? Mai cika ciki har hawan jini ya kama shi, da mai hana kansa barci saboda neman kuɗi, ba ma aika musu su tuba, taba ce kawai muke gani don tana da wari. Ikilisiyoyi ma ba bakinsu ɗaya ba. 'Yan Adbentis sun hana ta gaba ɗaya. Katikisim na Katolika, wato littafin koyarwarsu, sakin layi na 2290, wuce gona da iri ya hana, ya jera taba tare da abinci da giya da magani. Duk da haka Paparoma Francis ya dakatar da sayar da sigari a Vatican daga 2018. Irin wannan batu Romawa 14 ta zo dominsa: kowa ya tabbata a ransa, kada ka hukunta bawan wani.

Dauda: Malam Istifanus, Romawa 14 ɗin nan a ƙarasa ta. Ita ce ta ce kada ka sa wa ɗan'uwanka abin tuntuɓe. Shekara goma sha ɗaya na yi ina shan sigari, da kuka da addu'a na rabu da ita. Har yau in na ji warin, jikina yakan tuna. Yaya Yakubu, da ni ne na gan ka ranar nan, ba zan ce ka tuba ba. Zan koma gida ina ce wa kaina, tun da shugaban addu'armu yana sha, kara ɗaya ba komai. Ni kuma na san ba ni da kara ɗaya. A 1 Korintiyawa 6:12 Bulus ya ce kome halal ne a gare shi, amma ba zai yarda wani abu ya mallake shi ba. Kai ka tabbata ba ta mallake ka ba? Ni ma a shekarata ta farko rantsuwa nake zan bari duk ranar da na so.

Yakubu: Dauda, maganarka ta fi shiga jikina fiye da duk sauran. Ban san ka yi wannan yaƙin ba. Har yanzu ban karɓi cewa zunubi ce a kanta ba, kuma shirun da nake samu a awar nan na gaske ne, addu'o'in da na yi a cikinsa ba na ƙarya ba ne. Amma ba zan ƙara kunna ta inda wani zai gani ba, kuma zan ajiye ta wata uku in ga ko raina zai neme ta.

Rifkatu: In sai an ɓuya za a yi abu, ni wannan kaɗai ya ishe ni hujja.

Istifanus: Ɓuya don kunya daban, janyewa don ƙaunar ɗan'uwa daban. Bulus ya ce zai bar nama har abada saboda ɗan'uwa mai rauni, bai kuwa ce nama haram ne ba.

Mama Saratu: Na karanta duka. Yakubu ɗana, kowa yana maganar bakinka da lamirinka. A 1 Korintiyawa 7 an ce miji ba shi da iko da jikinsa, sai matarsa. Ita ce za ta zauna a gefen gadon asibiti in abin da Hannatu ta faɗa ya zo, ita da yara ne kuma ke shaƙar abin da ya maƙale a rigarka. Me ta ce?

Yakubu: Mama, ba ta taɓa cewa komai ba, ni ma ban taɓa tambayarta ba. Takan dai rufe tagar ɗakin yara in na fita da ita. Zan zauna da ita yau in yara sun yi barci.

Hannatu: Ka kuma je likitan haƙori ya duba maka baki da ƙarƙashin harshe, ko ka bari ko ba ka bari ba. In ka ga gyambo ko farin tabo da ya wuce mako biyu bai warke ba, kada ka jira wata ukun nan.