Na kira asibitin unguwarmu, sun tura ni na wata unguwa: wa ya taɓa gamuwa da haka?

Maman Hanifa: Assalamu alaikum 'yan uwa mazauna Ingila. Ciwon gwiwa ya hana ni sakat, na kira asibitin unguwarmu, sai mai ɗaga waya ta ce babu gurbi a wurinsu, amma akwai ranar Asabar a wani asibitin da ke can gaba da mu. Kuma wai ba likita zan gani ba, mai gashin ƙashi ne. Ni ban yi rajista a can ba. Gudu na suke yi ko haka tsarin ya koma?

Baban Sadik: Wa alaikumus salam. Maman Hanifa, ba gudunki suke ba. Tun Yulin 2019 hukumar kula da lafiya ta ƙasa, wato NHS, ta sa ƙananan asibitocin unguwa da ke maƙwabtaka su haɗa kai su yi aiki tare, ana kiran haɗakar PCN. Akwai wajen 1,250 a faɗin Ingila, kowace galibi tana kula da mutum 30,000 zuwa 50,000. Rajistarki tana nan inda take, ma'aikata da lokutan aiki kawai suke rabawa. Daga Oktoban 2022 aka ɗora musu duba marasa lafiya daga 6:30 zuwa 8 na dare a ranakun aiki, da 9 na safe zuwa 5 na yamma ranar Asabar, sai suka riƙa yi bi da bi ko su ware gini guda. Ni da nake tuƙi, abin ya yi min daɗi. A da sai na ajiye mota rabin yini kafin a ɗebi jinina.

Anti Nas: Ina aiki a ɗaya daga cikinsu, bari in ƙara. Ƙaramin asibiti mai likita biyu ba zai iya biyan albashin mai harhaɗa magunguna ko mai gashin ƙashi shi kaɗai ba. Gwamnati ta ware kuɗin ɗaukar irin waɗannan ma'aikata, amma ta hannun haɗakar ake bayarwa, shi ya sa za ki ga mutum ɗaya yau yana nan gobe yana can. Ki je abinki, 'yar uwa. Gwiwa da baya da kafaɗa aikinsa ne kullum, in ya ga abin ya fi ƙarfin motsa jiki zai tura ki gaba.

Ni a lokacin korona na ga amfanin abin da idona. A Disamban 2020 rigakafin Pfizer yana zuwa ne a akwati mai allura 975, kuma da an fito da shi daga ƙanƙara 'yan kwanaki ne ya rage masa. Wane asibitin unguwa ne zai tara tsofaffi haka shi kaɗai? Muka haɗu a zaure ɗaya, wannan na kiran waya, wancan na tura keken guragu, wasunmu na ta zuƙo allura har yatsu suka ƙage.

Alhaji na Arewa: Anti, Allah ya saka da alheri, amma ku bar ni in faɗi ɗaya gefen. Mahaifiyata tana wurina, ga suga ga hawan jini, Turanci kuma ko "zo" ba ta ji. Likitan da ke duba ta a da, tana shigowa yake gane ko ta kwana lafiya daga yadda take jan ƙafa. Yanzu duk zuwa sabuwar fuska. In zauna in sake karanto tarihin tun daga farko, mutumin yana kallon kwamfuta yana gyaɗa kai, kafin in kai ga abin da ya kawo mu lokaci ya ƙare. Rannan a mota ta ce min, "Ni kam wane ne likitana a cikinsu?" Na rasa amsar ba ta.

Hajiya Babba: Alhaji, Allah ya ƙara wa Mama lafiya. Ka nemi a haɗa ta da mai harhaɗa magungunan haɗakarku. Ni an kira ni aka ce in zo da duk abin da nake sha. Na juye leda a kan tebur, har da wanda na saya da kaina na ciwon jiki. Yarinyar ta ɗauki kwali ɗaya bayan ɗaya tana tambaya ta yaushe nake sha, ashe wanda na saya ɗin ba ya jituwa da na hawan jini, yana iya taɓa ƙoda. Ta zauna da ni fiye da yadda kowane likita ya taɓa zama, ba ta kalli agogo ba.

Ɗan Gilasgo: A lura, wannan tsarin Ingila ne. Mu nan Sikotland namu daban yake, kada wani ya je yana rigima da mai ɗaga waya.

Anti Nas: Alhaji, ƙorafinka gaskiya ne, mu ma a ciki muna yin sa. Amma tun 2015 kowane mai rajista yana da likita guda da aka rubuta sunansa a matsayin mai alhakin kula da shi, 'yan shekara 75 zuwa sama ma tun 2014. Ka tambayi sunansa. In ba larurar gaggawa ba ce, ka ce shi kuke so ko da za a jira. Ka kuma nemi tafinta tun lokacin da kake karɓar gurbi, kyauta ne, Mama ta yi bayaninta da bakinta.

Alhaji na Arewa: Sunan na san shi, yana jikin takarda. Ganin mai sunan ne aiki. Batun tafinta dai zan gwada, don akwai abin da na tabbata ba za ta faɗa a gabana ba.

Maman Hanifa: Na gode muku duka. Anti, in na je can za su ga fayil ɗina ko sai na tafi da takardu?

Anti Nas: Galibi suna gani ta kwamfuta, wani lokaci su nemi izininki kafin su buɗe. Ki dai riƙe sunayen magungunanki, ki kuma sa tufar da za ta bari a duba gwiwar ba wahala.