Wace kalma za mu sa wa osmosis?

Malamin Bayoloji: Jama'a, a aji muna cewa osmosis mu wuce, yara su haddace ba su gane ba. Ma'anar ita ce ruwa ya ratsa tantani daga inda gishiri ko sukari ya yi ƙaranci zuwa inda ya yi yawa. A fere dankalin turawa, a yanka sili biyu masu tsawon santimita 5, ɗaya a ruwa zalla, ɗaya a ruwan gishiri. Bayan awa guda na farko ya sandare, na biyu ya yi laƙwas. Ni "tsotso" na kawo.

Malamar Jinya: Malam, tsotso da ƙarfi ake yinsa, wannan kuwa ƙwayar halitta ba ta kashe kuzari ko kaɗan. A ajiye tsotso don lokacin da saiwa ke jawo sinadarai daga ƙasa da ƙarfinta. Kuma kada kalmar ta ɓoye wajen da ruwan ke nufa, nan haɗarin yake. Ruwan gishirin da ake ƙara wa majinyaci giram 9 ne a lita ɗaya, daidai da jini. Da ruwa zalla ne, jajayen ƙwayoyin jini su sha su kumbura su fashe. Haka ruwan gishiri da sukari na gudawa: ƙaramin cokali 6 na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri, a lita ɗaya. In sukari ya zarce, ruwa ya juyo cikin hanji, zawo ya ƙaru.

Malamin Gona: To "naso" fa?

Malamin Bayoloji: Naso na bango ne da damina, ruwa na hawa ta ƙofofin ƙasa, babu tantani a ciki.

Malamin Gona: Gaskiya ne. Manomi dai cewa yake taki ya ƙone shuka, in aka zuba yuriya jikin saiwa ƙasa a bushe: ruwan saiwar ne ya fita. "Jan ruwa" ya zo mini, sai na tuno guga da rijiya. Amma a barbaɗa gishiri a kan yankakken kokwamba, ruwa tsattsafowa yake. "Tsattsafon tantani" ke nan.

Malamar Jinya: Wannan ya zauna, Malam. Sai dai a riƙa faɗa wa yara tsattsafon na iya yin ciki, ba waje kaɗai ba, kamar busasshen zabibi da aka jiƙa ya kwana.

Malamin Bayoloji: Na karɓa. "Tacewa" kuma mu bar wa ƙoda, can matsin jini ne ke tura ruwan.