Omaha: As ɗin pik guda ɗaya ya isa kular ko bai isa ba?

Ɗan Bukoki:
Salamu alaikum ƴan uwa. Don Allah wanda ya san poka irin ta Omaha ya raba mana gardama. A fadarmu nan Yamai belot muka saba, sai wani abokinmu ya koya mana wannan, kowa karta 4 a hannu, 5 a tsakiya na kowa da kowa. To jiya pik 4 suka fito a tsakiya, wani yana da As ɗin pik guda tak, sauran kartocinshi duk ja, ya ce shi ya ci da kular (wato karta 5 duk kala ɗaya, kamar pik zalla), mai rabo ya ce atafau bai ci ba, har shayi ya huce ana musu. Wa ke da gaskiya?

Tsohon Hannu:
Wa alaikumus salam. Mai rabo ke da gaskiya. A Omaha dole karta 2 daga hannunka, 3 daga tsakiya, ba daɗi ba ragi. Mutumin naku dokar Texas Hold'em ce a kanshi, can karta 2 ake ba ka kuma kana iya aiki da biyun, ko ɗaya, ko ma ka dogara da na tsakiya gaba ɗaya. Nan kam in ba ka da pik biyu a hannu ba ka da kular, ko da duka biyar ɗin tsakiya pik ne. Ga wani wurin da ake rigima kuma: tsakiya 9, 9, 9, sarki, 4, kai kana riƙe da sarki, 7, 5, 2. Ba ka da ful fa (wato uku iri ɗaya haɗe da wasu biyu iri ɗaya, kamar tara uku da sarki biyu), tara uku kawai gare ka da sarki da 7. Wanda ke da 2 guda biyu a hannu shi ke da ful, ya cinye ka.

Ɗan Ader:
Gaskiya ta. Ni daga Tawa, abin da ni ka gani ga sabbin shiga, da sun ga As biyu sai su zuba duk abin da ag gare su. Karta 4 na ba ka haɗi 6 na bibbiyu, kowa ma haka, shi ya sa hannun da ka ci a Hold'em nan ba komi ba ne. Nemi kartocin da ka tafiya tare, kamar 10, bale, dam, sarki, balle in kala biyu ne bibbiyu. As huɗu a hannu kuwa shara ce, biyu za ka yi aiki da su kuma babu sauran As da zai fito. Sannan ka ji tsoron ƙaramar kular, in taka 8 ce babba kuma wani na ta ƙara kuɗi to aje.
Lissahi ɗaya: pik 2 a hannu, pik 2 cikin karta ukun farko na tsakiya, saura 9 cikin karta 45 da ba ka gani ba, wato 1 cikin 5 ta zo a karta ta gaba. In kuɗin da ke tsakiya bai kai ninki 4 na abin da za ka biya ba, yawanci kar ka bi.

Hajiyar Yantala:
Ƙannena ku dai ku yi hattara, in kuɗi ya shiga caca ce, kun san hukuncinta.

Ɗan Bukoki:
Wallahi yaya ko dala ba ma sawa, murafun kwalbar lemo muke rabawa 50-50, wanda nashi suka fara ƙarewa shi ke wanke kofunan shayi. Tsohon Hannu na gode, yau zan nuna mishi a waya. Amma in mutum biyu suka yi kular a kala ɗaya fa?

Tsohon Hannu:
A gwada babbar kartar kowa cikin biyar ɗin, in ita ce ta tsakiya a sauko ta biyu, haka har a samu bambanci.